Sasanta bashi: yadda ake biyan rabi a yafe rabi, da lissafin da talla ba ya nunawa

Duk mai yawo a shafukan Amurka ko mai sauraron rediyonsu ya san tallan nan da ba ya ƙarewa: wai bashin katin kiredit ya yi maka katutu? Kira wannan lamba yanzun nan mu sa banki ya yafe maka rabi. Mutum ya ji sai ya ce anya kuwa, bankin da ko santi ɗaya ba ya bari ya tafi a banza, shi ne zai yafe dubban daloli haka kawai? Toh ana yi, kuma doka ta san da zamansa. Kasuwa ce babba ma, don a 2023 ne bashin katin kiredit na Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1 a lissafin babban bankinsu reshen Niyok, ga kuɗin ruwan katin ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara, kaga kuwa masu neman mafita ba za su ƙirgu ba. Sai dai rangwamen nan sayensa ake yi, kuma farashin ne ba a faɗa a talla.

Asalin abun ba shi da wuyar ganewa. Ana binka dala 10,000, ka kasa biya, sai ku zauna da mai binka ka ce ga 5,000 ita ce iya ƙarfina, in ka karɓa mu rufe magana. In ya yarda, ya rubuta, ka biya, ragowar ta mutu, ba shi da damar sake binka ita. Shikenan fa. Duk sauran hayaniyar, kamfanoni da asusu na musamman da lauyoyi, a kan wannan 'yar yarjejeniyar aka ɗora su.

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce me zai sa banki ya yarda. Ba tausayi ba ne dai, lissafi ne na da babu gara ba daɗi. Bari in bi da kai yadda bashin kati yake tsufa. Ranar da ka tsallake biya sai a ɗora maka tarar latti. In ka kai kwana 30 ba ka biya ba sai banki ya kai sunanka wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Experian da Equifax da TransUnion. Kwana 60, kwana 90, waya ta fara zafi, wasiƙu sun fara canza murya. In aka kai wajen kwana 180 ƙa'idar masu sa ido kan bankuna ta tilasta wa bankin ya rubuta bashin nan a matsayin asara a littafinsa. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka tunda an rubuta shi asara ai an yafe kenan. Ina! Bashin na nan daram a wuyanka, a littafin banki ne kawai ya canza gurbi. Daga nan banki na da hanya uku, ko ya ba kamfanin karɓar bashi su bi masa su ɗauki kasonsu, ko ya kai ka kotu, ko ya sayar da bashin ɗungurungum ga masu sayen tsohon bashi.

Wannan sayarwar ita ce sirrin duk harkar. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar da wani bincike a 2013 kan manyan kamfanonin sayen bashi guda 9, ta gano cewa a matsakaici santi 4 suke biya kan kowace dala 1 ta bashi. Ma'ana bashin 10,000 ana iya sayensa a kan 400. Toh ka sa kanka a kujerar banki, ga wanda zai ba ka 'yan ɗaruruwa ya kwashi takardun, ga shi kansa mai bashin ya zo da 5,000 a hannu, wa za ka saurara? Shi kuwa wanda ya sayi bashin a 400, ko 3,000 ka ba shi ai ya ci riba ninkin ba ninkin. Ga kuma fargabar da ke ƙasan zuciyar kowane mai bin bashi, kada ka je kotu ka ayyana karayar arziki ya tashi a tutar babu.

Ba kowane bashi ne ke shiga wannan tsarin ba. Wanda ba shi da jingina ne kawai, katin kiredit, rancen da aka ba ka da sa hannu kawai, kuɗin asibiti, da makamantansu. Bashin gida ko na mota ba ka da bakin ciniki a kai, don in ka daina biya mai kaya zai zo ya ɗauke kayansa ne. Harajin gwamnati, kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta yanke, da rancen karatu na gwamnatin tarayya, kowanne da nasa dokokin daban, kamfanin sasanci ba ya taɓa su.

Yanzu ga wurin da ɗacin yake. Banki ba ya yi wa mai biya rangwame. In kana ta ƙoƙari kana biyan mafi ƙarancin abun da aka yanka maka duk wata, ko da da ƙyar ne, ko da sai ka hana kanka barci, a wurin banki kai ne kwastoman kirki, ruwa na shigowa, me zai sa ya rage maka? Sai ya ga alamar kuɗinsa na neman salwanta sannan kunnensa ke buɗewa. Don haka matakin farko na sasanci, ko an faɗa maka a fili ko an lulluɓe shi da daɗin baki, shi ne ka daina biya da gangan, ka bari sunanka ya ɓaci na wasu watanni, don ɓacin sunan nan shi ne kuɗin shiga ciniki. Duk wanda bai gane wannan ba kafin ya sa hannu, gaskiya bai san me ya shiga ba.

Su kuma kamfanonin ga yadda suke aiki. Za su karɓi jerin basussukanka su yi musu rajista, su ce daga yau kada ka ƙara tura wa banki komai, a maimakon haka ka riƙa zuba wani adadi duk wata a wani asusu na musamman. Yawanci shirin shekara 2 zuwa 4 ne. In kuɗi ya ɗan taru sai su tuntuɓi ɗaya daga masu binka su yi tayi, in an daidaita su kawo maka ka amince, a biya daga asusun, su kuma su cire ladansu. Ladan yawanci kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ne, kuma ka lura da kyau, galibi na jimillar bashin da ka yi wa rajista ne, ba na abun da aka rage maka ba.

Da can ma abun ya fi haka muni. Kafin 2010 kamfanoni da dama sai sun fara kwashe ladansu daga kuɗin watannin farko, mutum ya yi wata da watanni yana zubi, ya duba asusu ya ga wayam, ko bashi ɗaya ba a sasanta ba. A watan Afrilun 2010 ofishin binciken majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoton yadda ya sa ma'aikatansa suka yi shigar burtu suka kira kamfanoni 20 kamar masu neman taimako, 17 daga ciki suka ce sai an biya su kafin su sasanta komai, kuma kusan dukkansu suka ce a daina biyan banki, har da bashin da ba a taɓa yin latti a kansa ba. Wasu na ta cika baki da nasara kusan ɗari bisa ɗari, alhali binciken hukumomi na nuna cewa a irin waɗannan kamfanoni waɗanda ke kai ƙarshen shiri ba su kai kashi 10 ba. A watan Oktoban shekarar ne dokar FTC ta fara aiki, ta ce kamfanin da ke tallata wannan aiki ta waya ba zai karɓi ko kwabo ba sai abu uku sun cika, an cimma yarjejeniya a kan bashi aƙalla ɗaya, kai ka amince da ita, kuma an biya mai bin bashin aƙalla sau ɗaya a kanta. Dokar ta ce kuɗin asusun nan naka ne, kana iya fita duk ranar da ka ga dama ba tara, su maido maka da abun da ya rage cikin kwanakin aiki 7.

Dokar ta gyara abubuwa da yawa amma ba ta toshe duk ɓaraka ba. Tunda ta waya ta ce, wasu sai suka koma turo wakili ya zauna da kai gaba da gaba ku sa hannu, wasu kuma suka laƙa sunan ofishin lauyoyi a sama suna karɓar kuɗi da sunan ladan lauya. Har manyan cikinsu ba su tsira daga tuhuma ba, a 2017 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta maka Freedom Debt Relief a kotu bisa zargin ɓoye wa mutane gaskiyar yadda ake cajinsu da kuma barin wasu su yi cinikin da kansu sannan a karɓi lada, a 2019 aka daidaita kamfanin zai maida wa kwastomomi dala miliyan 20 ya kuma biya tarar miliyan 5.

Toh mu zo ga lissafi, don a nan ne komai ke fitowa fili. Misali ne kawai na ƙirƙira da lambobi masu sauƙi. A ce mutum na da kati uku, ɗaya 10,000, ɗaya 6,000, ɗaya 4,000, jimilla dala 20,000, ruwa kashi 24 a shekara, wato kashi 2 duk wata, kaga 400 na tafiya a ruwa zalla kafin a taɓa uwar kuɗi. Ya shiga shiri, ya daina biya. A wata shidan farko ruwa da tarar latti ba su tsaya ba, bashin ya kumbura ya kai wajen 23,000. Aka yi sa'a duka ukun suka yarda da rabi, 11,500 kenan, don rabin sabon adadi ake yi ba na tsohon ba. Ladan kamfani kashi 25 na 20,000, 5,000. Shi kansa asusun ana cajin ɗan kuɗin kula da shi duk wata, a ce ya tashi 400 gaba ɗaya. An kai 16,900. Wanda aka ce zai biya rabi ga shi ya biya kusan kashi 85 na abun da ya shigo da shi, kuma ba a zo maganar haraji ba tukuna.

Amma a yi adalci. In da mutumin nan zai biya 20,000 ɗin da ruwanta cikin wata 42, sai ya riƙa fitar da wajen 700 duk wata, ƙarshe ya biya kusan 30,000. A shirin sasanci 400 yake zubawa duk wata na tsawon wannan lokacin. Ga wanda 400 ce iya numfashinsa, bambancin ba ƙarami ba ne, kuma shi ya sa ba zan ce harkar damfara ce zalla ba. Matsalar ita ce lissafin can na sama lissafin ranar sa'a ne, wanda kowa ya yarda, ba wanda ya kai ƙara, kuma mutum bai tsallake zubi ko sau ɗaya ba cikin shekara 3 da rabi.

Duba yadda layin yake tafiya ka gani. Kamfani kan fara da ƙaramin bashi don shi ake saurin tara wa kuɗi, kuma shi ke saurin kawo musu lada. Katin 4,000 ya zama 4,600, rabinsa 2,300, ladan kamfani 1,000, ana buƙatar 3,300, wata 8 da ɗoriya kenan na zubi. Na 6,000 na buƙatar wajen 4,950, ƙarin shekara guda. Duk wannan lokacin mai 10,000 na gefe, ba a ba shi ko sisi ba kusan shekara 2, kuma ba wata yarjejeniya da ya sa wa hannu cewa zai jira. Wa kake gani zai fara kai ƙara? Shi mana, don shi ne kuɗinsa ya kai a ɗauki lauya a kai. Wasu lokutan ana samun a sasanta a riƙa biya kashi-kashi don a rage wannan jiran, amma in ka tsallake biya ɗaya yarjejeniyar na iya rushewa, bashi ya dawo cif, abun da ka biya a cire shi kawai daga asalin adadin.

Ba dokar da ta tilasta wa mai bin bashi ya saurari kamfanin sasanci, akwai bankunan ma da ba sa magana da su kwata-kwata. Kuma shiga shirin ba ya hana sammaci zuwa. In ya zo, yawanci kwana 20 zuwa 30 ake ba ka ka amsa, ya danganta da jiha, kuma mafi yawan masu bashi ba sa amsawa, ko don tsoro ko don sun ɗauka kamfani na kula da shi, sai alƙali ya yanke hukunci a bayan idonsu. Da hukunci a hannu mai binka ya daina roƙo, yana iya sa a riƙa yankar albashinka tun daga wurin aiki, dokar tarayya ta yarda har kashi 25 cikin 100 na abun da ya rage bayan haraji, ko ya sa a riƙe kuɗin da ke akawun ɗinka na banki. Wasu jihohin kamar Teksas ba sa yarda a yanki albashi kan irin wannan bashin, amma akawun bai tsira ba. Kuma wanda ya riga ya ci ka a kotu me zai sa ya karɓi rabi?

Sai haraji, wanda shi ne ke zuwa wa mutane ba zato. A idon hukumar haraji ta IRS, bashin da aka yafe maka kuɗin shiga ne, tamkar an miƙo maka shi ne a hannu. In abun da aka yafe ya kai dala 600 mai bin bashin zai aika musu fom mai lamba 1099-C, kai ma a aiko maka da kwafi a farkon shekara mai zuwa. A misalinmu an yafe 11,500, in mutum na rukunin masu biyan kashi 12 to wajen 1,380 ke jiransa, in na kashi 22 ne ya haura 2,500. Akwai mafita ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba, in daf da lokacin da aka yafe maka jimillar bashin da ake binka ta fi ƙimar duk abun da ka mallaka, to gwargwadon wannan giɓin ba a biyan haraji a kansa. A ce ana binka 30,000 gaba ɗaya, kayanka kaf, har mota da ajiyar fansho, 22,000 ne, giɓin 8,000, to 3,500 kawai za a caje ka haraji a kai. Fom 982 ake cikewa, kuma ba wanda zai cike maka in ba kai ka nema ba.

Maganar suna kuwa ba sai an ja ta ba. Makin FICO, wato makin da ake auna amincin mutum wajen biyan bashi da shi, daga 300 yake zuwa 850, kuma kashi 35 cikin 100 nasa daga tarihin biya ne a kan lokaci, toh kai kuma ka yi wata shida ba ka biya kati uku ba. Tabon na zama shekara 7 a rahoton tarihin bashinka, ana ƙirgawa daga ranar lattin farko, kuma ko an sasanta ba a rubuta an biya cif, ana rubuta an rufe da ƙasa da abun da ake bi. A ƙasar da mai gidan haya da kamfanin inshora da wasu masu ɗaukar aiki ke duba wannan rahoton, abun ya wuce maganar samun sabon kati. Sai dai ga wanda ya riga ya yi wata huɗu bai biya ba, wannan ɓarnar ta riga ta faru, ba wani sabon abu da zai rasa. Wanda nake jin tausayi shi ne mai tsaftataccen tarihi da aka lallaɓa ya daina biya.

Mafi munin sakamako shi ne na wanda ya fita a tsakiya, kuma suna da yawa, don dalilin da ya jefa mutum cikin bashi tun farko, rashin aiki ko ciwo ko mutuwar aure, ba ya tafiya don an sa hannu a takarda. An sasanta ƙaramin kati, kamfani ya ɗauki ladansa, manyan biyu sun kumbura, suna ya ɓaci, an gudu ba a tsira ba.

Abun da kamfanonin ba za su so a yawaita faɗa ba shi ne duk abun da suke yi kai ma kana iya yi da wayarka, ka ajiye kashi 25 ɗin nan a aljihunka. Ba su da wata ƙofar baya, sashen da za su kira shi za ka kira. Abun da ke sa ciniki ya faɗa abu ɗaya ne, kuɗi a dunƙule. Ka kira ka faɗi halin da kake ciki a gajarce, aiki ya tsaya, ga abun da ke shigowa ga abun da ke fita, sannan ka ce na samu 2,500 daga wurin 'yan'uwa, ina da masu bina uku, wanda ya fara yarda shi zan ba. Wanda ke ɗaya ɓangaren zai ce ba zai yiwu ba, mafi ƙaranci kashi 80. Kada ka yi gardama, kada ka yi rantsuwar abun da ba ka da shi, ka ce toh na gode, in an samu canji ga lambata. Sau da yawa su za su dawo, musamman in bashin ya kusa kwana 180 ɗin nan, don a lokacin bankin ya fi son ya karɓi wani abu kafin ya rubuta asara. Ka fara tayi daga ƙasa don ka bar wa kanka wurin hawa, kuma kada ka yarda da biyan wata-wata da ka san ranar da abu ya ɗan motsa ba za ka iya ba.

In an daidaita, kada santi ɗaya ya fita sai takarda ta zo. Maganar waya iska ce, ma'aikacin da ya yi maka alkawari gobe ba lallai ka same shi ba. Takardar ta ɗauki sunanka, lambar akawun ɗin, sunan mai bin bashin, adadin da za ka biya da ranar biya, da jimla bayyananniya cewa wannan biyan ya rufe bashin gaba ɗaya. In wannan jimlar ba ta ciki, ana iya ɗaukar kuɗinka a matsayin wani ɓangare na biya, a sayar da ragowar ga wani kamfani ya dawo maka da ita bayan shekara biyu. Wajen biya ma gara ka yi ta hanyar da kai ke da iko da ita, kamar cakin banki, da ka ba su izinin cira kai tsaye daga akawun ɗin da albashinka ke shiga.

In kuwa bashin tsoho ne kuma wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba ne ya kira, tsaya tukuna kafin ka fara ciniki. Dokar 1977 da ta tsara aikin masu karɓar bashi ta ba ka kwana 30 bayan sanarwarsu ta farko ka rubuta ka ce su kawo hujja, kuma dole su dakata har sai sun kawo. Bashin da ya bi hannu uku ko huɗu sau da yawa takardunsa ba su cika ba, adadin ma wani lokacin ba daidai ba ne. Ita dai dokar ta hana su kiranka kafin 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana zagi da barazanar ɗauri. Sannan kowace jiha na da wa'adin da in ya wuce ba a iya cin ka a kotu kan bashin muddin ka je ka nuna ya wuce, a yawancin jihohi shekara 3 zuwa 6 ne. Tarkon shi ne a jihohi da dama in ka biya ko dala 20 ce, ko ka amsa bashin a rubuce, agogon na komawa farko. Shi ya sa za ka ji mai kira na lallashi, wai ka ɗan sa wani abu ko yaya ne don a ga kyakkyawar niyyarka.

A ganina kafin mutum ya kai ga sasanci akwai ƙofa biyu da ya kamata ya leƙa. Ta farko ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi waɗanda ba don riba suke ba, irin waɗanda ke ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu NFCC da aka kafa tun 1951. Su ba sa rage uwar kuɗi, ruwan suke sa bankuna su sauke ƙasa sosai, ka riƙa biya ta hannunsu sau ɗaya a wata na shekara 3 zuwa 5, bankuna na samun kuɗinsu don haka ba sammaci, ba haraji, suna kuma bai ɓaci kamar na sasanci ba. Wannan na wanda ke da kuɗin shiga ne amma ruwa ke cinye shi. Ta biyu ita ce wadda kowa ke gudu don kunya, ayyana karayar arziki a kotu. A Babi na 7 na dokar karayar arziki, ga wanda kuɗin shigarsa ya cika sharaɗin da dokar 2005 ta sa, cikin wata 4 zuwa 6 an gama, daga ranar da aka shigar da takarda duk kira da ƙara da yankar albashi sun tsaya cak da umarnin kotu, kuma bashin da aka shafe ta nan ba haraji a kansa. Tabonsa shekara 10 ne, kuma ana iya sayar da kadarar da doka ba ta kare ba. Babi na 13 kuma biya ne na shekara 3 zuwa 5 a ƙarƙashin kotu. Mutum da yawa da suka sha wahalar shekara 2 a shirin sasanci ƙarshe nan ɗin suke komawa, bayan sun zubar da kuɗin da da sun riƙe. Sasanci ya fi dacewa da wanda ke tsakiya, ya riga ya yi latti, masu binsa ba su da yawa, kuma yana da hanyar samun dunƙulallen kuɗi cikin 'yan watanni ba 'yan shekaru ba.

A Ingila akwai wani tsari da ya ɗan yi kama amma da haƙoran doka, IVA, wanda ya samo asali daga dokar 1986. Ƙwararre mai lasisi ne ke tsarawa, in masu bin kashi 75 cikin 100 na kuɗin daga cikin waɗanda suka jefa ƙuri'a suka amince, to ya hau kan sauran ko suna so ko ba sa so, a yi shekara 5 ko 6 ana biya sannan a shafe ragowar. Wannan tilascin shi ne abun da sasancin Amurka ba shi da shi, can kowane mai bin bashi gashin kansa yake ci.

Bayan ka biya kuma da sauran aiki kaɗan. Ka ba shi wata ɗaya ko biyu sannan ka ciro rahotonka daga kamfanonin nan uku, kyauta ne, ka duba ko akawun ɗin ya nuna sifili. In har yanzu yana nuna ana binka, ka rubuta musu ƙorafi ka haɗa da kwafin takardar yarjejeniya da shaidar biya, doka ta ba su kwana 30 su bincika su gyara. Asalin takardun kuma ka adana su ko shekara nawa ne, har da fom ɗin haraji, don jerin sunayen da ake sayarwa tsakanin kamfanonin nan ba kullum ake goge wanda ya riga ya biya ba.